Yadda Ake Wasan Ƙamus Ta Waya: Jagora Ga Zaurukan Hausawan Makka, Jidda Da Madina

Wasan ƙamus wasa ne na mutum biyar zuwa goma sha biyu, kuma abin da yake buƙata bai wuce waya, da ƙamus guda ɗaya, da mutanen da suka amince wa juna ba. Mutum ɗaya ne yake zaɓo kalmar da sauran ba su sani ba, kowa ya ƙago mata ma'ana daga kansa ya aika masa a asirce, shi kuma ya cakuɗa ƙagaggun ma'anonin da ma'anar gaskiya, ya jera su da lambobi, sannan a jefa ƙuri'a. Wanda ya gano ta gaskiya ya ci maki, wanda kuma ƙagensa ya ruɗi mutane har suka zaɓe shi, shi ma ya ci. Turawa sun daɗe suna yin sa a gidajensu da takarda da alƙalami. Gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri a kan wannan tsari mai suna Call My Bluff a 1965, kuma a 1984 aka fito da wasan cikin kwali a Kanada da sunan Balderdash, ana sayarwa kamar ludo.

Waya ta fi takarda dacewa da shi, saboda a zaman gida ana gane rubutun hannun mutum, ana kuma karanta fuskarsa sa'ad da aka zo kan ƙagensa, alhali saƙon waya ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Ba lalle ba ne kuma a hallara a lokaci guda, wanda shi ne babban abu ga mutanenmu na nan Saudiyya: direban da ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, da ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina, da uwar gida a unguwar Misfala ko Jarwal a Makka, da ɗan'uwa a Kano ko Damagaram ko Gadarif ta Sudan, duk suna iya shiga zagaye ɗaya, kowa ya amsa a lokacin da ya sami sarari.

Kafa zaure

A buɗe zaure na musamman a WhatsApp ko Telegram, kada a ɗora wasan a kan zauren dangi inda ake sanar da haihuwa da rasuwa, domin jerin ma'anoni zai nutse cikin gaisuwa, kuma ba ya kyautuwa a ce ana barkwanci a ƙarƙashin sanarwar ta'aziyya. A rubuta dokokin a wurin bayanin zaure, a taƙaice. Wanda ke riƙe da zagaye, wato mai zaɓo kalma, za mu kira shi mai ƙamus, kuma ya kamata a ba shi ikon shugabancin zaure a tsawon zagayensa, don ya iya rufe shi sa'ad da ake jefa ƙuri'a.

Tun ranar farko a yanke shawara a kan harshe da rubutu. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu haifaffun Makka suna jin Hausa sarai, amma karatunsu da rubutunsu na Larabci ne, ba su saba da boko ba. Kada wannan ya hana kowa shiga. Mai ƙamus ya karɓi ma'ana ta kowace hanya ta zo, da boko, ko da haruffan Larabci, ko da saƙon murya, shi ne zai mayar da su rubutu iri ɗaya, idan ya fitar da jerin kuma ya haɗa da saƙon murya yana karanta su ɗaya bayan ɗaya da murya ɗaya, ba tare da ya yi dariya ko ya jinkirta a kan wata ba.

Ƙamusun da za a dogara da shi

Dole a sami littafi ɗaya da kowa ya yarda shi ne mai raba gardama. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006, shi ne ya fi sauƙin aiki, domin yana bayyana Hausa da Hausa, ba sai an fassara komai ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya fi shi tarin tsofaffin kalmomi, yana ɗauke da kusan 39,000, yana nuna wadda ta fito daga karin Katsina ko Sakkwato ko wani wuri, kuma ana samun sa a intanet, abin da ya sa ya fi kusa da hannun wanda ke zaune nesa da kantunan littattafan Kano da Zariya. Sai dai bayaninsa da Ingilishi yake, haka ma na R. C. Abraham da aka sake bugawa a 1962, saboda haka mai ƙamus zai juya ma'anar zuwa Hausa da kansa, kuma a nan ne yawancin sababbin masu riƙe zagaye suke tona asirin kansu, kamar yadda zan bayyana a gaba.

Zauren da ɗalibai suka fi yawa a cikinsa yana iya yin wasu zagayen da Larabci, a ɗauko kalma daga Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ko daga ƙamusun Fairuzabadi, yayin da 'yan'uwanmu na Sudan suke da ƙamusun Larabcin gargajiyar ƙasarsu na Aun Asharif Ƙasim, wanda aka fara bugawa a 1972. Tsarin wasan bai canza ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: ba a ɗauko kalma daga Alƙur'ani ko hadisi don a ƙaga mata ma'ana, ko da kuwa tana cikin ƙamus.

Zaɓen kalma

Kalma mai kyau ita ce wadda ta tsufa ba tare da ta mutu ba, wadda idan an bayyana ta a ƙarshe mutane za su ji sun ƙaru. Irin waɗannan sun fi yawa a sana'o'in da birni ya rabu da su: gini na ƙasa, da rini, da kaɗi da saƙa, da jima, da fatauci na ayari, da kayan doki, da sunayen tsirrai da tsuntsaye. Yaron da ya tashi a unguwar Hindawiyya ko Karantina a Jidda bai taɓa ganin karofi ba, bai san azara ko indararo ba, ba shi da labarin salka da taiki da mangala. A guji kalmar batsa, da ta zagi, da wadda ke muzanta wata ƙabila ko wani asali. A guji kuma wadda ƙirarta ke bayyana ma'anarta, irin su masassabi da maɗinki, domin kowa zai bi saiwar ya kai ga amsa. Idan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya a ƙamus, gara a bar ta, in ba haka ba wani zai ƙago abin da ya yi daidai da ma'ana ta biyu, rigima ta tashi wajen rabon maki.

Matsalar da ta keɓanta da zaurukanmu ita ce rashin daidaiton Hausa. Kalmar da ta ɓace wa haifaffen Makka, tana iya zama ita ce wadda mutumin ƙauyen Sakkwato da ya zo shekaru biyar da suka wuce yake faɗa kullum. Maganin wannan doka ce mai sauƙi: duk wanda ya san kalmar ya gaya wa mai ƙamus a asirce. Ba zai jefa ƙuri'a a wannan zagaye ba, amma yana da damar aika ƙagensa ya ci makin waɗanda ya ruɗa. Idan waɗanda suka san ta sun kai kashi ɗaya cikin uku na 'yan wasa, mai ƙamus ya janye ta ya kawo wata, don haka yana da kyau ya tanadi kalma biyu ko uku tun kafin ya fara.

A fitar da kalmar a rubuce, a kuma furta ta da saƙon murya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zaune a ciki da garin tuwo suke rubutu ɗaya, haka kuma baba mahaifi da baban rini. Idan ba a ji furucin ba, kowa zai karanta kalmar yadda ya ga dama, wani ya ce ya san ta alhali wata daban yake nufi. Sanarwar ba ta buƙatar tsawo: "Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Kalmar zagaye na bakwai ita ce makuba. A turo mini ma'ana ta akwatina, ba a cikin zaure ba, kafin ƙarfe 9 na daren gobe Alhamis, agogon Makka. Wanda ya san ta ya sanar da ni." Ambaton agogon Makka wajibi ne, domin Saudiyya tana gaban Sudan da awa 1, tana gaban Nijeriya da Nijar da awa 2. Awa 24 ta isa karɓar ma'anoni, wata 24 kuma ta isa ƙuri'a.

Yadda ake ƙaga ma'ana

Sabon ɗan wasa yakan yi zaton abin da ake nema shi ne ban dariya, sai ya rubuta cewa makuba ita ce surukar da ba ta gajiya da ziyara. Za a yi dariya, amma ba wanda zai zaɓe shi. Abin da ake nema shi ne a yi magana da harshen ƙamus, harshen da ba ya zumuɗi, ba ya yabo ko kushe, ba ya cewa "ai" ko "wallahi", yana farawa da jinsin abu sannan ya faɗi abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa: wani irin kwando, wata irin ciyawa, ciwon da ke kama dabba kaza, wurin da ake yin abu kaza. Jimla ɗaya ta wadatar, kuma tsakanin kalmomi 8 zuwa 18 shi ne tsawon da ba ya jan ido.

Bayan salo sai ƙwaƙƙwaran bayani guda ɗaya. "Wani irin ciwo" bai isa ba, amma "ciwon da ke kama kofaton doki idan ya daɗe tsaye cikin danshi" yana sa mai karatu ya ce a ransa ba wanda zai zauna ya ƙago wannan. Ɗaya tak ake so. Wanda ya ƙara da cewa a Katsina ake samun sa, da damina, kuma da toka ake maganinsa, ya cika gishiri, an gane shi. Yana taimakawa kuma a saka tsohuwar kalma ta gaskiya a cikin ƙagen, kamar abawa ko mazari ko zango, domin ƙanshin tsufanta yakan shafi dukan jimlar.

Akwai dabarar da ta fi ci a zaurukan nan fiye da na gida, ita ce bin kunnen Larabci. Mutumin da ya tashi da Larabci yakan nemo saiwar Larabci a kowace baƙuwar kalma, ko tana da ita ko ba ta da ita. Idan ya ji makuba, zuciyarsa za ta tafi ga uƙuba, saboda haka ma'anar da ta shafi horo ko tara za ta kwashi ƙuri'un irinsa. Idan ya ji akumari, wanda a gaskiya shi ne matashin da ake ɗora wa jaki a baya kafin a aza masa kaya, zai tuna da ƙumri, kurciyar Larabawa, duk wanda ya rubuta "wata irin kurciya mai zobe a wuya" ya same shi. Sai dai dabarar ba ta daɗewa tana ci a zaure ɗaya, domin bayan zagaye kaɗan mutane sukan fara zargin duk ma'anar da ta yi kusa da sautin kalma, a lokacin kuma wanda ya yi nesa da sautin shi ke cin riba. Gwanin wasan shi ne mai lura da abin da zaurensa ya fara tsoro, ya kauce masa. Haka nan kada mutum ya riƙe fanni ɗaya. Wanda kullum tsirrai yake ƙagowa, ko kullum kayan doki, ya sa wa kansa hannu a takarda.

Aikin mai ƙamus kafin ya fitar da jeri

A ganina nan ne wasan yake gyaruwa ko ya lalace, kuma shi ne matakin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Saƙonnin da za su iso wa mai ƙamus ba za su yi kama da juna ba. Wani ya rubuta da ƙ da ɗ da ɓ, wani ya rubuta k da d da b, wani ya sa "yaani" da "tayyib" a tsakiya, wani ya yi Sakkwatanci, wani ya manta da aya. Idan aka jera su haka, ma'anar gaskiya za ta tsaya tsaf a tsakiyarsu da tsabtataccen rubutu, kowa ya gan ta daga nesa, kuma kowa ya gane wane ne ya rubuta wace. Aikin mai ƙamus shi ne ya mayar da su duka hannu ɗaya: ƙa'idar rubutu ɗaya, kari ɗaya, aya a ƙarshen kowace, ba tare da ya taɓa abin da mai ita yake nufi ba. Idan gyaran ya wuce na rubutu, ya koma wa mai ita a asirce ya nemi yardarsa, da ladabin da ya dace da shi, misali: "Kawu, Allah ya ƙara girma, na ɗan taƙaita taka don kada a gane ka, ga yadda ta koma, ko ta yi?"

Ita ma ta gaskiya tana buƙatar hannu. Idan daga Bargery aka ɗauko ta, kada a juya Ingilishin kalma da kalma, domin Hausar da za ta fito za ta yi ɗingishi, masu kunne su gane cewa fassara ce. A karanta, a fahimta, a rufe littafin, sannan a faɗe ta yadda dattijo zai faɗa wa jikansa. A cire sunan kimiyya na tsiro, da misalan jimla, da alamun kari, da duk abin da ɗan wasa ba zai iya ƙagowa ba. Idan ta fi sauran tsawo a rage ta, amma ba a ƙara mata abin da ƙamus bai faɗa ba, ba a kuma karkata ta don a ɓatar da mutane.

Wani lokaci mutum biyu sukan turo ƙage kusan iri ɗaya. A haɗa su a lamba ɗaya, kowannensu ya sami cikakken makin ƙuri'un da ta samu. Wani lokaci kuma ƙagen mutum yakan faɗa daidai kan gaskiya ba da saninsa ba. A nan mai ƙamus zai cire tasa daga jeri, ya sanar da shi a asirce, ya ba shi maki 2 kamar wanda ya gano amsa, shi kuma ya yi shiru har a gama. Sannan a cakuɗa jerin da gaske. Masu riƙe zagaye suna da ɗabi'ar ɓoye ta gaskiya a tsakiya, suna ƙin sa ta a farko ko a ƙarshe, kuma 'yan wasa sukan gano haka da wuri, don haka gara a rubuta lambobi a 'yan takardu a zaro su da ka.

Ga yadda jerin zagayen mutum biyar da mai ƙamus zai iya kasancewa:

1. Tarar da sarkin kasuwa ke ɗora wa wanda aka kama da tauye mudu.
2. Ƙaramin kwando mai murfi da mata ke ajiye abawa da mazari a ciki.
3. Ciwon da ke kama kofaton doki idan ya daɗe tsaye cikin danshi.
4. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a shafe bango ko daɓe da ruwansa don ya yi ƙarfi.
5. Wurin da ayari ke sauke kaya kafin a ba shi izinin shiga gari.
6. Wata irin ciyawa mai kaifi da ke fitowa a bakin fadama.

Ta 4 ce gaskiya. Ta 1 ta jingina da kunnen Larabci, ta 5 ta jingina da "ma" ɗin farkon kalma, wanda ya saba nuna wuri kamar a majema da masaƙa, ta 6 kuma ita ce mafi rauni domin kowace kalma ana iya cewa ciyawa ce.

Ƙuri'a da maki

WhatsApp yana da tsarin ƙuri'a tun 2022, mai ɗaukar zaɓi har 12, kuma mutane sukan ruga gare shi don sauƙi. Ban ba da shawararsa ba. Yana nuna yawan ƙuri'un kowace lamba da sunayen waɗanda suka jefa tun ana cikin zaɓe, saboda haka da zarar an ga malamin zaure ya zaɓi ta 4, sauran za su bi shi. Gurbin rubutunsa ma gajere ne, ba ya ɗaukar doguwar ma'ana. Telegram yana ba da damar ɓoye sunan mai ƙuri'a, amma idan an ɓoye, mai ƙamus ba zai san wanda zai ba maki ba. Hanya mafi tsabta ita ce a rufe zaure ta yadda shugabanni kaɗai ke iya rubutu, kowa ya aika lambarsa ta akwatin mai ƙamus. Tunda WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 da aika shi, a rubuta cikin doka cewa lambar da mai ƙamus ya gani a lokacin rufe zaɓe ita ce ƙuri'a. Ba a zaɓar ma'anar kai. Idan 'yan wasa sun haura goma, a ba kowa ƙuri'a biyu a kan lambobi biyu daban, in ba haka ba yawancin ma'anoni za su tashi ba ko ɗaya, masu su su karaya.

Rabon maki da aka fi sani shi ne: maki 1 ga mai ƙage a kan kowace ƙuri'a da ƙagensa ya samu, maki 2 ga duk wanda ya zaɓi ta gaskiya, maki 3 ga mai ƙamus idan ba wanda ya gano ta. A misalinmu, a ce ta 1 ta sami ƙuri'a biyu, ta 4 ta sami biyu, ta 2 ta sami ɗaya. Mai ta 1 yana da maki 2, idan kuma yana cikin waɗanda suka zaɓi ta 4 ya tashi da 4. Mai ta 2 yana da 1, mai ƙamus bai sami komai ba. Wasu zaurukan sukan miƙa ƙamus ga wanda ya fi maki a zagayen, abin da ke hana gwani ɗaya mamaye wasa tunda duk sa'ad da ya ci sai ya huta. A zauren dangi na fi son a bi layi, kowa ya riƙe, domin riƙon ne ke sa matashi ya buɗe ƙamus ya yi ta juya shafi yana neman kalma.

Sanar da sakamako shi ne lokacin nishaɗi, kada a yi shi da gaggawa. A fara da ma'anar da ba ta sami ƙuri'a ba, a haura zuwa wadda ta fi ruɗi, ana faɗin mai ita da waɗanda suka faɗa tarkonsa, a bar ta gaskiya a ƙarshe tare da hoton shafin ƙamus don kashe gardama. Masu son armashi suna iya aro al'adar kacici-kacici, wanda ya kasa a ce ya ba da gari.

Amana, kunya da maganar ƙarya

Babu hanyar da za a hana mutum leƙa Google, ko Bargery na intanet, ko manhajojin da ke amsa tambaya, wasan kacokan a kan amana yake. A faɗi dokar a fili: daga fitar kalma har zuwa sakamako, ba bincike, ba kuma tambayar kowa. Wannan ya haɗa da tsohuwar da ke cikin gida, wadda a gidajen Makka da yawa ta fi kowane littafi riƙe Hausar da aka zo da ita. Bayan sakamako kuwa a je a tambaye ta, a turo muryarta zaure in ta yarda, domin sau da yawa za ta ƙara abin da ƙamus bai kawo ba. Idan an lura wani yana gano amsa a kowane zagaye, kada a tuhume shi a bainar jama'a, mai ƙamus ya tuna masa a asirce cewa wanda ya san kalma yana da hanyar faɗa.

Za a sami wanda zai ce wasan ƙarya ne. Fahimtata ita ce kowa ya shiga ne da sanin cewa biyar cikin shida ƙage ne, kuma ba a tashi sai an bayyana gaskiya, kamar dai mai tatsuniya da ke rufewa da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Abu biyu dai ya kamata a kiyaye. Na farko, kada a sa kuɗi ko wani abu da 'yan wasa ke tarawa mai nasara ya kwashe, domin daga nan an shiga caca. Na biyu, kada jerin ya fita daga zaure ba tare da amsarsa ba. Saƙo yakan yi yawo, kuma yaron da ke koyon Hausa a Jidda zai iya haddace cewa makuba tara ce ya girma da hakan, saboda haka bayan sakamako mai ƙamus ya goge jerin farko, ya bar jerin da aka yi wa ta gaskiya alama a cikinsa.

Sai batun alkunya. Tsakanin jika da kaka, ko taubasai, ko Bakano da Bazazzagi, ruɗar juna ƙarin daɗi ne. Amma a sanar a gaban jama'a cewa ƙagen suruka ne ya kayar da surukinta, wannan yana iya sa ta daina wasan gaba ɗaya. Idan akwai irin wannan dangantaka a zaure, a faɗi yawan ƙuri'un da kowace ma'ana ta samu ba tare da sunayen waɗanda suka jefa ba, ko kuma a raba zauren gida biyu tun farko.

Zagaye ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma wanda aka buɗe daren Laraba aka rufe daren Juma'a ya fi samun mutane, tunda Juma'a da Asabar ne hutun nan. A dakatar da wasan a goman ƙarshe na Ramadan da kuma daga farkon Zulhajji har alhazai su fara komawa, domin a lokacin rabin zauren yana cikin hidima dare da rana. 'Yan'uwan da ke Sudan, inda intanet ke yankewa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a ƙara musu wa'adi idan sun nema, wanda kuma bai sami turo ƙage ba a bar shi ya jefa ƙuri'a. A ƙarshen kowane zagaye mai ƙamus ya ƙara kalmarsa, da ma'anarta, da ƙamusun da ya ɗauko ta, a cikin saƙo ɗaya da aka maƙala a saman zaure tare da jimillar makin kowa, sannan ya miƙa shugabanci ga mai bi masa, wanda zai duba wannan saƙon kafin ya zaɓi tasa don kada ya maimaita wadda aka riga aka yi.